Kawuna Marigayi Yana Nan da Ransa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi aiki a Gidan Rediyon Al'adu na Ƙasa tun daga shekarar da aka buɗe shi har ya yi ritaya, kuma aikinsa a duk tsawon wannan lokaci shi ne mutuwa. A wasan kwaikwayo nake nufi. Shi ya sa daga mai gadi har darakta ba mai kiransa da sunan yanka, Marigayi suke ce masa. Mu ma a gida muka ɗauka. Mahaifiyata ce kaɗai ta ƙi, ta ce ba da bakinta za a yi wa ɗan'uwanta mugun fata ba.

Ba don ya mutu ya je ba. A lokacin ƙasar tana da tasha ɗaya, ta labarai, sai wani minista ya ga cewa jama'a na bukatar a wayar musu da kai, ko suna so ko ba sa so. Aka kafa tasha ta biyu domin waƙoƙi da tarihi da wasan kwaikwayo da hira da masana. Ginin da aka yi alkawari bai kammalu ba, don haka aka ajiye ta a wani tsohon sito a bayan tashar jirgin ƙasa. Aka lulluɓe bango da barguna da kwalayen ƙwai don kada murya ta riƙa dawowa. Komai kai tsaye ake yi, babu ɗauka a ajiye, kuma jirgi ba ya neman izini kafin ya wuce. Da marubuta suka gaji, sai suka riƙa sa jirgin a cikin labari. Kowane ƙauye a wasannin tashar yana da jirgin ƙasa, har wasannin zamanin da ba a san ƙarfe ba.

Kawu yana saurayi, bai daɗe da barin makaranta ba, ya ji ana neman muryoyi. Burinsa ya zama mai karanta rubutattun waƙoƙi. Ranar gwaji mura ta kama shi, amma ya je. Mai shirya wasanni wani gajeren mutum ne da ake kira Dakata, saboda ita ce kalmar da ta fi yawa a bakinsa. Kawu ya fara karatu, bai yi nisa ba tari ya sarƙe shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

"Dakata," in ji Dakata. "Sake wannan."

"In sake daga farkon baitin, ranka ya daɗe?"

"A'a, tarin."

Ashe dattijon da zai fito a matsayin uba mai jinya a wasan yammacin ranar bai zo ba. Aka miƙa wa Kawu takarda. Da yamma ya yi wa 'ya'yan da suka girme shi wasiyya, ya yi tari, ya ja dogon numfashi, ya cika. Jirgi ya wuce daidai lokacin.

Kakata, wato mahaifiyarsu, tana sauraro a rediyon maƙwabta. Ba ta san me ake nufi da wasa ba, amma ta san tarin ɗanta. Ta yafa mayafi ta kama hanya a ƙasa har bayan tashar jirgi. Ta same shi a kan benci yana shan shayi da wanda ya yi masa kuka.

"Tunda ka tashi," ta ce, "sai ka raka ni gida."

Sai da suka kai ƙofa ta ce idan aikin gwamnati ne babu laifi, amma ya riƙa faɗa mata tun da safe duk ranar da zai mutu, don kada ta riƙa barin girki a kan wuta.

Daga nan aiki ya bi shi. Ya mutu yana attajiri, ya mutu yana matalauci, ya mutu yana malami, ya mutu yana ɓarawo mai tuba. Akwai makon da ya mutu ranar Litinin a wasan manya, ya sake mutuwa ranar Alhamis a na 'yan makaranta. Ya gano cewa kowa da irin tasa: attajiri da dogon numfashi yake tafiya, don ba ya son sakin komai, shi kuwa talaka sai ya nemi afuwar dawainiyar da ya sa mutane. Matsalar ita ce yawanci kafin a kai rabin wasa an gama da shi. Sai ya lallaɓa ya fita ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba, ya zauna a kantin ma'aikata yana jin yadda ake rabon gadonsa ta lasifika.

Ya sha roƙon Dakata ya ba shi mai rai, ko sau ɗaya.

"Mai rai kowa zai iya," in ji Dakata. "Leƙa titi ka gani, ga su nan birjik. Kai kuwa Allah ya yi maka baiwa, kada ka yi butulci."

A waɗannan shekarun ya yi aure. Matarsa tela ce, Inna Tela muke ce mata, kuma tana da ƙaramin shago inda rediyo ba ya mutuwa. Farkon haɗuwarsu, ya kai mata wando ta rage masa tsawo, da ya buɗe baki ta dakatar da keken. Ta ce ta san wannan muryar, ta sha ɓata ɗinkin mutane da hawaye saboda ita. Daga baya takan ce ta yi dabara, ta gama kukan mijinta tun kafin ta aure shi, yanzu sai zaman lafiya.

Da ginin tasha ya kammalu suka koma. Bene ne mai ɗakunan ɗaukar murya da ƙofofi masu kauri da jar fitila a saman kowace ƙofa. Aka kawo na'urorin tef, aka daina yin komai kai tsaye sai jefi-jefi. Ba a jin ko tsuntsu. Masu sauraro suka fara ƙorafi cewa wasannin sun daina kama da gaskiya, ina jirgi? Dole aka nemo faifan ƙarar jirgi aka riƙa sawa.

Sannan sojoji suka karɓi mulki. Da safe suka kewaye tashar labarai, suka kama fadar gwamnati da filin jirgin sama. Tashar al'adu kuwa ba wanda ya tuna da ita. Daraktan lokacin ya sa babbar rigarsa ya zauna a ofis yana jiran a zo a kama shi, ba wanda ya zo. An ce wannan ya fi komai ƙona masa rai. Tashar ta ci gaba da wani shiri a kan tarihin saƙa har aka yi kwanaki, kafin a turo wani hafsa ya zauna a ƙaramin ofis kusa da matakala yana karanta duk wasan da za a yi.

Hafsan ya kafa doka. Ba wanda zai mutu da yunwa, ko a tsare, ko a layin asibiti, kuma shugaba kowane iri ne, ko na ƙungiyar masu wanki, ba zai mutu ba sam. Saboda haka a shekarun nan Kawu ya yi ta faɗowa daga bishiya. In bai faɗo ba maciji ya sare shi, ko ya shiga kogi bai iya iyo ba. A ƙasar nan ta cikin rediyo ba mai mutuwa sai da gangancinsa. Masu sauraro kuwa ba yara ba ne. In aka ce maciji ya sari mutumin da ya yi ƙorafi a kan farashin kaya, kowa ya san irin takalmin da macijin yake sawa. Har a titi, in sojoji suka yi gaba da mutum, sai a ce maciji ya sare shi.

Wata rana hafsan ya aika a kira Kawu. Ya shiga yana tunanin an gano maganar maciji. Ya tarar da wata mata zaune da jaka a cinya.

"Maiɗakina ce," in ji hafsan. "Na ce mata kai ne mai mutuwar nan a rediyo, ta ƙi yarda. Ta ce wancan tsoho ne. Ɗan mutu mana kaɗan ta gani."

Kawu ya tsaya a tsakiyar ofis, tsakanin tebur da kwandon shara, ya mutu. Matar ta share hawaye ta ce lallai shi ne. Hafsan ya yi masa godiya ya ce ya koma bakin aiki.

A ƙarshen zamanin sojojin ne Kaka ta kwanta ciwon ajali. Kawu ya ɗauki hutu ya zauna a gefen gadonta, shi da mahaifiyata. Ni ina 'yar budurwa a lokacin, ina shiga ina fita da ruwa. Ina jin a ransa yana jiran jawabi, irin wanda ya saba yi: ku riƙe zumunci, ku yafe mini, ga abin da na ɓoye muku. Kaka ba ta yi ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe da hantsi ta buɗe ido ta dubi taga, ta ce hadari ya haɗo, a kwashe shanya. Mahaifiyata ta fita kwashewa. Kafin ta dawo Kaka ta tafi, ba tari, ba dogon numfashi. Kawu ya ce shi da ke riƙe da hannunta ma bai san daidai lokacin ba.

Da ya koma aiki, wasan farko da aka ba shi na kai tsaye ne, kuma akwai wasiyya mai cika shafi. Da aka zo wurin, sai ya ajiye takardar. Ya ce da 'yarsa ta cikin wasa, a hankali, "Rufe tagar nan, akwai iska." Ya yi shiru.

A rediyo ba abin da ake tsoro kamar shiru. Dakata ya yi ta buga gilashi yana nuna masa takarda. 'Yar wasan ta rasa abin yi, ta fashe da kuka tun lokaci bai yi ba. Mai kula da na'ura ya saki jirgi.

Kashegari waya ba ta huta ba. Wasu suka ce rediyonsu ne ya lalace, wasu suka ce an cuce su. Wani masani a shirin sharhi na tashar ya yi bayani mai tsawo cewa mutuwar ba ta da kamar gaskiya, kuma alama ce ta lalacewar fasaha a ƙasa. Dakata ya kira Kawu gefe.

"Na san abin da ya same ka, Allah ya ji ƙanta. Amma ba haka ake mutuwa ba."

"Da idona na gani."

"Kai ka gani. Su ji suke yi."

Kawu ya koma wa tarinsa da wasiyyarsa. Ya taɓa ce wa mahaifiyata wataƙila mutane suna so ne su ji a rediyo abin da nasu ba su tsaya sun faɗa musu ba. Ita kuwa ta ce ita dai har gobe tana jin haushin shanyar nan.

Da farar hula suka dawo, tashoshi masu zaman kansu suka cika gari da kiɗa da surutu, gwamnati kuma ta fara manta cewa tana da al'adu. Tashar ta koma dogaro da ƙungiyoyin faɗakarwa. Kawu ya mutu don bai wanke hannu ba. Ya mutu don bai ɗaura bel a mota ba. Ya mutu don ya ƙi kwana a gidan sauro, ya sake mutuwa don ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Inna Tela ta ce a da mijinta mutuwar mutunci yake yi, yanzu kuwa ta wauta. Sabon tef ya yi wuya, sai aka riƙa goge tsofaffi ana ɗaukar jawaban ministoci a kai, yawanci a kan muhimmancin adana tarihi. A haka ya yi ritaya. Ba da daɗewa ba Dakata ya rasu a kan kujerarsa bayan cin abincin rana, bai ce da kowa komai ba. Da aka faɗa wa Kawu yadda abin ya faru, na ga bakinsa ya motsa, amma ya haɗiye maganar.

Shekaru suka wuce, tasha ta cika shekara hamsin, aka shirya biki. Ba a gayyaci Kawu ba, a rediyo ya ji. Ya ce mantuwa ce, gidansu ne, ba ya bukatar kati. Ni na kai su a mota, shi da Inna Tela, muka zauna a baya. Aka yi jawabai. Sai wata matashiyar furodusa ta hau mumbari ta ce za a tuna da ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya. Ta karanta sunaye, na Dakata na ciki. Can sai muka ji sunan Kawu. Ashe a tsofaffin takardun shirye-shirye duk inda sunansa ya fito da Marigayi a gabansa, ita kuma ba ta ga dalilin tambaya ba. Har aka saki muryarsa daga tef ɗaya da ya tsira, yana tari. Aka ce a miƙe a yi shiru na minti ɗaya.

Kawu ya miƙe tare da kowa. Na ja hannun rigarsa na ce, "Kawu, ka yi magana mana."

"Bari a gama," ya ce. "Ba kyau a katse addu'a."

Wani tsohon mai kula da na'ura ne ya waiwayo ya gan shi, ya koma ya zauna ba shiri. Kafin a tashi magana ta zagaye zauren.

Bayan kwana biyu furodusar ta zo gida ba da haƙuri, ta durƙusa har ƙasa tana ta "Baba, ka yafe mini." Kawu ya ce ba komai, ya saba. Inna Tela ce ba ta huce ba.

"'Yata, ni ba wannan ne ya dame ni ba," ta ce. "Tunda kun ɗauka ya mutu, me ya hana ko mutum ɗaya daga gidanku ya tako ya yi mini gaisuwa?"

Furodusar ta juya ga Kawu ta ce ko akwai abin da za ta iya yi don ta wanke kanta. Bai yi dogon tunani ba.

"A ba ni mai rai."

Ta cika alkawari. Tana shirya wani wasa mai dogon zango a kan mazauna wani gidan haya, sai ta ƙara wani tsoho mai gyaran fanka da dutsen guga a ɗakin ƙasa, mafaɗaci, mai sa baki a harkar kowa. Kawu ya sayi sabon tabarau ya koma aiki.

Ashe rayuwa ta fi wuya. Bai taɓa riƙe takarda mai shafuka da yawa haka ba, kuma bai san yadda ake dariya a gaban makirfo ba, ko ciniki, ko faɗa da maƙwabci. Duk jimlar da ya ɗauko sai ta gangara ƙasa kamar ita ce ta ƙarshe.

"Baba," in ji furodusar ta cikin lasifika, "ruwa kawai ka nema, ba gafara ba. A sake."

Ya yi ta sakewa ba ya gajiya. A gida Inna Tela ta zama abokiyar gwaji, ta ce faɗa dai ba sai an koya masa ba, ya tuna yadda yake yi in an taɓa masa rediyo. A hankali ya gane kan abin. Ranar da ya fara yin dariya ta fita daidai, ya dawo gida yana ta maimaita ta a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Tsofaffin masu sauraro suka gane muryar tun makon farko. Suka gaya wa 'ya'yansu da jikokinsu cewa wannan tsohon ba zai kai wata ba, ku saurara ku ji yadda ake mutuwa. Aka zauna jira. Wata ya wuce, tsoho yana nan yana gyaran fanka. Duk ranar da ya yi gyaran murya sai waya ta ɗauka, ana tambaya ko an fara ne. Da aka rubuta masa zazzaɓi a wani mako, an ce har masu shaguna sun rage ƙarar kiɗa, sai ga shi mako na gaba ya warke yana zagin mai gidan haya. Tashar ba ta taɓa samun masu sauraro irin na lokacin ba. Shugabanni suka yaba wa furodusar a kan farfaɗo da al'adu, sannan suka ba ta shawara ta kashe tsohon tun jama'a ba su gaji ba. Ta ce to, ta yi ta ɗagawa. Kawu ma ya aika musu cewa a wannan karon sai dai su nemo wani ya mutu masa.

Ba a kai ga haka ba. Ma'aikatar ta yanke shawarar haɗe tashar al'adu da ta labarai domin ƙarfafa ta, kamar yadda sanarwar ta ce. Aka rufe sashen wasan kwaikwayo, ɗakin da suke aiki ya zama ma'ajiyar kujeru. A kashi na ƙarshe da aka ɗauka, ba wanda ya san na ƙarshe ne, fitilar matakalar gidan hayan ta mutu, mazauna suka yi ta jayayya a kan wanda zai canza ta, tsohon ya yi tsaki ya ce shi zai je ya sayo ƙwan fitila. Aka ji ƙarar ƙofa. Mako na gaba a daidai lokacin aka sa tattaunawa a kan makomar wasan kwaikwayo.

Furodusar ta koma wata tashar, amma takan zo gaishe su. Kawu yanzu a shagon Inna Tela yake wuni. Idonta ya yi rauni, shi yake zura mata zare a allura, yana sa maɓallai, yawanci a karkace. Masu kawo ɗinki in sun ji muryarsa sukan tsaya su ƙare masa kallo. Kwanan baya ina shagon wata mata ta kasa haƙuri.

"Baba, don Allah, shi tsohon nan a ƙarshe mutuwa ya yi?"

"Ƙwan fitila ya je saye," in ji Kawu.

"Har yanzu?"

"Ba kowane shago ke da irin wanda yake so ba. Kin san halinsa."

Matar ta karɓi ɗinkinta ta tafi ba ta gamsu ba. Inna Tela ta miƙo masa wata riga ta ce ya warware maɓallan ya sake, mai rigar ba a karkace yake ba.